'Yan wajen Lakers: na wane zamani ne suka fi cika?

Dan_Fagge24: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i musu ya kaure a majalisarmu har aka tashi ba a daddale ba, shi ne na ce bari in kawo shi nan. Tambayar a kan Lakers ce, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles a gasar NBA ta Amurka. A cire dogayen ƙarƙashin kwando gaba ɗaya, babu Wilt, babu Kareem, babu Shaq, babu Gasol, babu Davis. A bar 'yan waje kaɗai, wato masu riƙe ƙwallo da raba ta, masu harbi daga nesa, da masu tsare gefe. A duk lokutan da ƙungiyar ta ɗauki kofi tun komawarta Los Angeles, na 1972, na shekarun 1980, na 2000 zuwa 2002, na 2009 da 2010, sai na 2020, waɗanne ne suka fi? Ni na tsaya a kan na 2009 da 2010, domin a lokacin Kobe ya nuna, kuma kofi biyun nan a wuyansa aka rataya su.

Abu_Hanifa_ZRX: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba abin musu ba ne. Magic, Byron Scott, Michael Cooper, Worthy. Kofi 5 cikin shekara 9.

Dan_Fagge24: Malam Abu, ka manta duk kofi biyar ɗin da Kareem aka ci su. Na ce a cire dogaye.

BabaIro_SabonGari: Ɗana na Fagge, bari in ba ka labarin daren da aka cire dogon da gaske. Wasan ƙarshe na 1980, wanda jerin karawa ne da kan iya kaiwa bakwai, karawa ta shida a Philadelphia. Kareem ya gurɗe a idon sawu, bai ma yi tafiyar ba. Magic yana shekara 20, kakarsa ta farko a NBA, shi ya tsaya a tsakiya aka jefa ƙwallon farko. Ya tashi da maki 42, ya kwaso ƙwallo 15 daga allo, ya ba da fasin 7 da aka ci. Abin da mutane ke mantawa shi ne Jamaal Wilkes ya zuba 37 a wannan daren. Wato ranar da babu dogon, 'yan waje biyu suka haɗa maki 79 suka ɗauko kofin a gidan Dr. J, gwarzon Philadelphia. Ni ban gani kai tsaye ba, a kaset ɗin bidiyo na gan shi bayan shekaru, wani abokin karatunmu ya dawo da shi daga Amurka. Mun kalle shi har hoton ya fara rawa. Tun daga lokacin ban sake ganin mutum mai tsawon ƙafa 6 da inci 9 yana gudu da ƙwallo yana kallon hagu yana miƙawa dama kamar shi ba.

Abu_Hanifa_ZRX: Allah ya ƙara girma Baba. Ka gama magana.

Maryam_Koci: Bai gama ba tukuna. Baba, da girman kujerarka, amma akwai gyara a lissafin Malam Abu. 'Yan wajen shekarun 1980 ba rukuni ɗaya ba ne. Na 1980 da 1982 su ne Magic, Norm Nixon, Wilkes da Cooper. Scott bai zo ba sai 1983, kuma da Nixon ɗin aka yi musayarsa zuwa Clippers. Worthy ma a 1982 aka ɗauko shi bayan an riga an ci kofi na biyu. In za a yi adalci sai a zaɓi ɗaya, ko na Nixon ko na Scott. Ba za a kwashe gwanayen shekara tara a zuba a kwano ɗaya a gwada da na shekara biyu ba.

BabaIro_SabonGari: Gaskiyarki 'yata. To na zaɓi na 1987.

Sadiq_Lissafi: Ni tambayata a kan Worthy ce. Ɗan waje ne ko ɗan ciki? Yawancin makinsa a kusa da kwando yake samu, ko ya juya wa mai tsaronsa baya ya yi wannan juyin nasa mai sauri, ko a guje idan Magic ya sako masa. Ba maharbin nesa ba ne. Idan aka sa shi a lissafi, to sai a sa Horry a na 2000, a sa Odom a na 2009.

Abu_Hanifa_ZRX: Lamba uku yake bugawa, wato gurbin ɗan gefe a cikin gurabe biyar na fili, shi ke nan. Kuma shi ne gwarzon wasan ƙarshe na 1988, maki 36, ƙwallo 16 daga allo, fasin 10 a karawa ta bakwai da Detroit. Kana so a cire shi ne don ka san da shi magana ta ƙare.

Sadiq_Lissafi: A'a wallahi, ni ba na ɓangaren Kobe ma. Ina so ne a yi ma'auni ɗaya.

Dan_Fagge24: Na yarda a bar Worthy. Duk wanda ke buga lamba ɗaya, biyu ko uku ɗan waje ne. Horry da Odom su zauna a gefe.

Tsoho_Mai_Rediyo: Kuna ta tsallake 1972 kamar ba a yi ta ba. Jerry West da Gail Goodrich kowannensu ya kusa maki 26 a kowane wasa a wannan kakar, kuma West ne ya fi kowa ba da fasin a gasar baki ɗaya. Sun ci wasa 33 a jere, har yau ba a karya ba. Sun gama da nasara 69 da rashin nasara 13. Duk wannan babu layin maki uku, sai a kakar 1979 zuwa 1980 aka shigo da shi. Harbin da West ke yi daga nesa maki biyu ake rubuta masa. Ku nuna mini wata shekara da Lakers ta samu masu gadi biyu, wato masu buga lamba ɗaya da biyu, da kowanne ke ba da abin da waɗannan biyun suka bayar tare. Magic da Scott ba su kai ba a wajen cin maki, Kobe da Fisher kuwa nesa ba kusa ba.

Ummi_KD: Kawu, wannan maganar ta shige ni. Ban taɓa sanin Goodrich ya kai haka ba.

Sadiq_Lissafi: Amma Kawu a lura da gudun wasan lokacin. Ana harbi da yawa, ana kai da kawowa ba tsayawa, don haka maki ke yawa. Maki 26 na 1972 ba daidai yake da 26 na 2001 ba, lokacin da ƙungiya kan gama wasa da maki 90 kuma ta yi nasara. Sannan a wasan ƙarshe da New York hannun West bai faɗa ba, Wilt ne aka ba kyautar gwarzo.

Tsoho_Mai_Rediyo: Yana da shekara 33 a lokacin, bayan ya sha kaye a wasan ƙarshe sau bakwai. Kuma shi kaɗai ne aka taɓa ba kyautar gwarzon wasan ƙarshe alhali ƙungiyarsa ta faɗi, a 1969. Ba a auna mutum irin wannan da mako biyu.

Maryam_Koci: Bari in shigo da abin da nake gani a fili. Ina koyar da 'yan mata ƙwallon kwando a makarantar sakandare, kuma abin da ya fi wahalar samu ba mai cin maki ba ne, kowace yarinya tana son harbi. Wadda za ta yarda ta manne wa gwanar abokan hamayya minti talatin ba tare da ta damu da sunanta a takardar maki ba, ita ce ake nema da fitila. Da wannan idon nake kallon tambayar. Rukunin 1987 suna da Michael Cooper. Daga benci yake tasowa amma shi aka zaɓa gwarzon mai tsaro na gasar a wannan shekarar. Shi ake ɗora wa Larry Bird, kuma Bird da bakinsa ya sha faɗin cewa Cooper ne ya fi takura masa. Yana iya riƙe ƙwallo idan Magic ya huta, kuma a karawa ta biyu da Boston a 1987 ya jefa maki uku har sau 6, a zamanin da ƙungiya gaba ɗaya ba ta cika jefa hakan ba. Bai taɓa zuwa wasan taurari ba ko sau ɗaya, sai a 2024 aka shigar da shi zauren gwanaye. To ku duba: mai rabawa akwai, Magic. Maharbi akwai, Scott, wanda ma shi ya fi kowa maki a ƙungiyar a kakar 1987 zuwa 1988. Mai kutsawa akwai, Worthy. Mai tsaro akwai. Babu ramin da za ka zura hannu.

Dan_Fagge24: Anti Maryam, Artest fa? A 2010 shi ya tsare Durant a zagayen farko, ya tsare Paul Pierce a wasan ƙarshe. Karawa ta bakwai da Boston ya ci 20, har da maki ukun nan na ƙarshe-ƙarshe da kowa ya dafe kai kafin ta shiga.

Abu_Hanifa_ZRX: Ka tuna mana da karawar da Kobe ya harba 24 ya ci 6?

Dan_Fagge24: Kullum sai an kawo wannan. Ya kwaso ƙwallo 15 daga allo a wannan daren, mai gadi fa. An tashi 83 da 79, wasa ne da kowa hannunsa ke rawa, Ray Allen ma bai ga kwando ba. Da hannu ya ƙi sai ya nemi wata hanya, ya yi ta kutsawa ana yi masa keta yana cin jifan kyauta. Ni a wurina wannan ƙarin daraja ne.

Issoufou_Damagaram: Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan da Faransanci muke jin sharhin, amma tashin dare ɗaya ne, ƙarfe biyu ko uku. Ina tare da Dan_Fagge a kan Kobe amma ba a kan shekara ba. Kobe na 2001 ya fi ban tsoro. Sun yi wasa 16 a zagayen fitar da gwani suka ci 15. Portland, Sacramento, San Antonio duk ba wanda ya ci ko ɗaya. Kobe ya zuba wa Sacramento 48 a gidansu, ya je San Antonio ya zuba 45. Fisher da ya yi jinyar ƙafa kusan duk kakar ya dawo ya harba maki uku 20 a kan San Antonio ya ci 15. Ga Rick Fox yana tsare lamba uku, ga Brian Shaw. Wasa ɗaya da suka faɗi sai da Iverson na Philadelphia ya ci 48 kuma aka je ƙarin lokaci.

Sadiq_Lissafi: Ɗan'uwa Issoufou, 15 cikin 20 ɗin Fisher daga ina suka fito? Mutum biyu ne ke kan Shaq, wani lokaci uku. Fisher yana tsaye shi kaɗai kamar mai jiran mota. Wannan ita ce matsalar tambayar tun farko. Ba za ka iya cire dogon ba, domin inuwarsa tana cikin lissafin kowane ɗan waje.

Issoufou_Damagaram: Gaskiya ne, amma buɗaɗɗen harbi ma sai mai zuciya. Nawa muka gani su kaɗai suka zubar? Kuma ka tuna karawa ta huɗu da Indiana a 2000, Shaq ya cika laifi shida ya fita a ƙarin lokaci, Kobe da ciwon idon sawu ya ƙarasa wasan. Yana da shekara 21.

Ummi_KD: Fisher dai ba na yarda a raina shi. 2009 karawa ta huɗu a Orlando, ya harba maki uku sau biyar ba ko ɗaya, saura daƙiƙa 4.6 ya tashi a gaban Jameer Nelson ya farke, ya sake jefa wata a ƙarin lokaci. Ina aji biyar na sakandare lokacin, ni da yayana muka kalla da ƙaramin janareto saboda an ɗauke wuta, muka yi ihu har Mama ta fito.

Maryam_Koci: Ƙanwata ba raini ba ne. Zuciya yana da ita, kofi 5 ba a tsintarsu a hanya. Amma a 2009 da 2010 duk mai gadi mai sauri yana wuce shi. Aaron Brooks na Houston ya wahalar da su, Westbrook ya wahalar da su har sai da aka mayar da Kobe kansa, Rondo ma Kobe ne ya riƙa tsare shi. Idan gwarzonka ne zai ci maki talatin kuma shi ne zai toshe ramin abokinsa, to rukunin bai cika ba. Abin da nake nufi ke nan da na 1987.

Zongo_Boy_Kumasi: Ba wanda zai ambaci 2020? Ko don a Orlando aka killace su saboda korona, ba 'yan kallo?

Abu_Hanifa_ZRX: Kofin otal.

Zongo_Boy_Kumasi: Yaya Abu kowa a otal ɗin yake, ba Lakers kaɗai ba. Wata uku ba iyali a farko, ba gida ba waje, su da suka fi kowa a rukunin yamma na gasar ma ba su mori filinsu ba. Ka duba waɗanda suka bi ta kansu: Lillard, sai Harden da Westbrook, sai Jamal Murray yana kan ganiyarsa, sai Jimmy Butler na Miami. Kuma sun yi hakan babu Avery Bradley da ya zauna gida, Rondo ma da karyewar babban yatsa ya fara, sai a karawar Houston ya dawo. LeBron shi ne mai rabawa a wannan kakar, ya fi kowa fasin a gasar. Ga Caldwell-Pope, Danny Green, Caruso, Rondo. A wajen tsaro daga na farko har na biyar ban ga rukunin da ya kai su yawan hannaye ba. Hujjata kuma ita ce abin da ya biyo baya. An bar Caldwell-Pope ya tafi a cinikin Westbrook, ya je ya ci kofi da Denver a 2023. An bar Caruso ya tafi Chicago, ya ƙare ya ci kofi da Oklahoma a 2025. Har yau abin yana ci mini rai.

Sadiq_Lissafi: Wannan hujja ce mai kyau. Sai dai Dragic da Bam Adebayo na Miami sun ji rauni tun karawar farko, kuma duk da haka Butler ya ci 40 a ta uku ya ci 35 a ta biyar. Ina tsaron a ranakun nan?

Zongo_Boy_Kumasi: A ta shida da aka fara da Caruso an ga tsaron. Kafin hutun rabin lokaci wasa ya mutu.

BabaIro_SabonGari: Ku yara akwai abin da ba ku sa a sikeli ba, doka. A zamanin su Scott da Cooper mai tsaro yana ɗora maka hannu a ƙugu ya tuƙa ka inda yake so. Sai a 2004 aka tsaurara hana wannan. Tsaron yanki kuma haramun ne sai 2001. Kobe ya buga a ƙarƙashin dokokin biyu, ya ci kofi uku a tsohuwar, biyu a sabuwar, wannan na ba shi. Amma ku ɗauki Scott ku kawo shi yau, a ce masa harba maki uku goma kowane dare ba mai taɓa ka, ku ga abin da zai faru.

Sadiq_Lissafi: Baba haka ma in aka mayar da LeBron 1987, wa zai tsaya a gabansa a guje?

BabaIro_SabonGari: Detroit za su gwada. Ka tambayi Jordan.

Nura_Gyadi: Ni abin da na lura da shi a duk zancen nan sunan mutum ɗaya ke dawowa. West ya buga a 1972. Shi ne manajan da ya ba da Nixon ya karɓo Scott, mutane suna ta zaginsa a lokacin. Shi ya ba da Vlade Divac ga Charlotte ya karɓo Kobe a 1996, yaro ɗan 17 da aka zaɓa na 13 a zaɓen sabbin 'yan wasa, kuma a wannan zaɓen ya ɗauki Fisher na 24. Scott ɗin ma ya dawo ya yi kakarsa ta ƙarshe a NBA tare da su biyun suna sabbin shiga. Wato rukuni huɗu cikin biyar da hannunsa a ciki. Ya rasu a Yunin 2024.

Tsoho_Mai_Rediyo: Madalla da Nura. Na gode da ka tuna da shi.

Ummi_KD: Tunda an ɗan fita, ya kuke ganin Luka Doncic da Austin Reaves, 'yan wajen Lakers na baya-bayan nan? Za su shiga wannan layin?

Maryam_Koci: Sai sun ɗauki kofi a yi maganar. Kuma tambayata ɗaya ce, wa zai yi musu aikin Cooper?

Nura_Gyadi: Na so a ce Gabe Vincent ya samu lafiya a kakarsa ta farko da su. Tun ranar da ya ci wa D'Tigers, ƙungiyar Najeriya, maki 21 muka doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a 2021 nake bin sa.

Dan_Fagge24: Mu dawo kan tambaya don Allah. Na saurari Anti Maryam kuma na yarda 1987 sun fi cika mutum huɗu. Amma bari in juya ta. Wasa ɗaya ne, karawa ta bakwai, saura minti biyar ana kunnen doki, gudu ya tsaya, kowa ya koma tsaro. Wa kake so ya riƙe ƙwallo? Rukunin Magic da gudu suke kisa. A 1984 da Boston ta rage musu gudu an ga yadda suka yi ta kuskure, Henderson na Boston ya sace fasin ɗin Worthy, Magic ya bar lokaci ya ƙare da ƙwallo a hannu.

BabaIro_SabonGari: Shi ya sa na ce 1987 ban ce 1984 ba. Karawa ta huɗu a Boston Garden, saura daƙiƙa kaɗan suna baya da maki ɗaya, Magic ya shigo tsakiya, McHale da Parish suka taso masa, ya ɗaga ƙwallo da hannu ɗaya irin na Kareem ya jefa ta saman su. 107 da 106. Ba gudu a nan ɗana, tsayayyen wasa ne.

Issoufou_Damagaram: Ni har yanzu 2001. Ba a taɓa kai su karawa ta bakwai ba balle a yi wannan tambayar.

Sadiq_Lissafi: A 2002 Sacramento ta kai su, kuma Horry ne ya cece su a ta huɗu, wanda muka ce ba ya cikin lissafi.

Zongo_Boy_Kumasi: To a mayar da shi lissafi mana, daga bayan layi ya jefa ta.

Abu_Hanifa_ZRX: In an mayar da Horry ni ma zan kawo Wilkes in haɗa da Worthy, tunda yana cikin 'yan wasan kakar 1985.

Maryam_Koci: Malam Abu, Baba ya riga ya zaɓi 1987, Wilkes ya bar ƙungiyar kafin nan.

Dan_Fagge24: An kira magariba a nan. Sadiq, in ka samu lokaci ka duba mana yawan maki ukun da kowane rukuni ke harbawa a wasa, ina son ganin tazarar 1987 da 2020 da idona kafin in koma majalisa gobe.